Darasi na Tara: Kuɗin Gwamnati da Tazarar da ke Tsakanin Talaka da Mai Hali

Manufofin Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. bayyana abin da ake nufi da tazarar samu;
2. faɗin inda gwamnati ke samun kuɗi da yadda suke isowa ƙananan hukumomi irin Tambuwal da Kebbe;
3. lissafa yadda aikin gwamnati ke ƙara wa gida samu ko rage masa;
4. bambanta kashe kuɗin da ke rage tazara da wanda ke ƙara ta;
5. sanin inda zai kai tambayarsa game da kuɗin jama'a.

Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya a bakin hanya a garin Dogon Daji da hantsi zai ga mutane iri-iri. Ga manyan motoci na wucewa zuwa Sakkwato ko Jega, ga ɗan acaɓa ya ɗauko buhu biyu da mai buhun, ga mace ta goyo yaro marar lafiya ta fito da ƙafa daga ƙauye. Kowa da arzikin da Allah ya hore masa, kuma yatsun hannu ma ba su zo daidai ba. Sai dai wani ɓangare na wannan bambanci aikin mutane ne, domin yana fitowa daga shawarar da ake yankewa a kan kuɗin jama'a: a gina wannan ko a gina wancan, a ba wannan ko a ba wancan. Wannan ɓangaren ne darasinmu zai duba, kuma tambaya ɗaya za mu riƙe tun daga farko har ƙarshe: wa ya amfana?

1. Mece ce Tazarar Samu?

> AKWATIN KALMOMI
> Samu: duk abin da ke shigowa gida a wata ko a shekara, na kuɗi ko na amfanin gona ko na dabba.
> Tazarar samu: nisan da ke tsakanin abin da masu hali ke samu da abin da talakawa ke samu.
> Ma'aunin Gini: lambar da masana ke auna tazarar da ita, daga 0 zuwa 100. Idan ta yi ƙasa, samu ya kusa daidai. Idan ta yi sama, 'yan ƙalilan ne suka kwashe mafi yawa.

Talauci daban, tazara daban. Talauci shi ne abin da ke hannun mutum ya kasa biya masa bukatun dole. Tazara kuwa kwatance ce tsakanin mutum da mutum, ko gari da gari, ko jiha da jiha.

A binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2018 zuwa 2019, ta ɗauki duk wanda abin da yake kashewa bai kai naira 137,430 a shekara ba a matsayin matalauci, wato wajen naira 376 a rana a kuɗin wancan lokaci. Ta samu kashi 40 cikin 100 na 'yan Nijeriya suna ƙasa da wannan layi. A Jihar Legas kashi 4.5 ne kawai, a Jihar Sakkwato kuwa kashi 87.7, mafi yawa a cikin jihohin da aka auna. Ma'aunin Gini na ƙasar ya tsaya a kan 35. Idan aka kwatanta da Afirka ta Kudu, wadda nata ya haura 60, sai a ce namu da sauƙi. Amma bambancin Legas da Sakkwato ya nuna cewa wurin da aka haifi yaro yana da babban tasiri a kan abin da zai samu a rayuwa.

2. Daga Ina Kuɗin Gwamnati Ke Fitowa?

> AKWATIN KALMOMI
> Asusun tarayya: asusun da ake tara kuɗin man fetur, kuɗin kwastan da harajin kamfanoni, sannan a raba duk wata.
> Kasafin kuɗi: tsarin da gwamnati ke rubutawa na abin da take sa ran samu da abin da za ta kashe a shekara.
> Ayyukan yau da kullum: albashi, fansho da gudanar da ofisoshi.
> Manyan ayyuka: hanya, makaranta, asibiti, rijiyar burtsatse da makamantansu.

Duk wata wakilan gwamnatin tarayya da na jihohi suna zama su raba abin da ya taru. Bayan an cire kashi 13 na kuɗin mai ga jihohin da ake haƙo shi, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68, jihohi 36 su raba kashi 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba kashi 20.60. Tambuwal da Kebbe suna cikin ƙananan hukumomi 23 na Jihar Sakkwato, kuma kowace tana da kasonta.

Kada ka ce ba ka da hannu a wannan kuɗi don ba ka karɓar albashi. Idan ka sa kati a waya ko ka sayi kwanon rufi, akwai harajin sayen kaya a ciki, wanda aka ɗaga daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 a Fabrairun 2020. Kana biyan kuɗin rumfa a kasuwa, kana biyan na tasha. Dattawa kuma suna tuna zamanin haraji da jangali, wanda gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke a 1979 saboda nauyinsa a kan talaka. Kuɗin gwamnati dukiyar jama'a ce, amana ce a hannun masu mulki, kamar yadda magabatanmu suka ɗauki baitulmali.

Aikin mai kasafi kamar na mai ban ruwa ne a fadama. Ruwan rijiya ɗaya ne, amma fangalin da ya buɗe wa baki shi ke sha, wanda ya toshe kuma ya bushe ko da yana dab da rijiyar.

3. Makaranta da Asibiti: Samun da Ba a Ƙirga a Hannu

Idan gwamnati ta ɗauke maka abin da da kai za ka biya, ta ƙara maka samu ko da ba ta miƙa maka ko kwabo ba. Bari mu gani a lissafi. Lambobin misalan wannan darasi na koyon lissafi ne, kowa zai iya sauya su da na gidansa.

Misali na 1. Gidan wani manomi yana samun naira 50,000 a wata. Gidan wani babban ɗan kasuwa yana samun naira 500,000.

Tazara: 500,000 ÷ 50,000 = ninki 10.

A ce akwai makarantar firamare mai malamai da littattafai, wadda darajar karatunta ga yaran kowane gida ta kai naira 10,000 a wata. Akwai kuma ƙaramin asibiti mai magani da ungozoma, wanda ke sauƙaƙa wa kowane gida naira 5,000.

Manomi: 50,000 + 15,000 = 65,000
Ɗan kasuwa: 500,000 + 15,000 = 515,000
Tazara: 515,000 ÷ 65,000 = kusan ninki 8.

Kowanensu ya samu abu ɗaya, amma tazara ta sauko daga 10 zuwa kusan 8. Dalili shi ne naira 15,000 kusan sulusin samun manomi ce, a wajen ɗan kasuwa kuwa kashi 3 ne kacal cikin 100.

Yanzu juya lissafin. Idan makarantar gini ce kawai, malami ɗaya na fama da aji uku, yara na zaune a ƙasa, to ɗan kasuwa zai kai nasa makarantar kuɗi a Sakkwato, ɗan manomi kuma ya koma gona ko talla. Bayan shekara ashirin ɗaya yana da takardar neman aiki, ɗayan yana neman ƙwadago. Ta haka tazara ke zama gado.

Doka ta tanadi kuɗi don waɗannan ayyuka. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don firamare da ƙaramar sakandare, da sharaɗin jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa. Jihohi da dama sukan bar nasu a ajiye saboda ba su cika sharaɗin ba. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 don kiwon lafiya a matakin farko. Tun a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ba lafiya kashi 15 na kasafinsu, amma kasafin tarayya bai kai ko kusa da haka ba. Shi ya sa fiye da kashi 70 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun marasa lafiya yake fitowa. A ƙauye ma'anar wannan a fili take: haihuwa ta zo da gardama, a sayar da tunkiya, ciwo ya yi tsanani, a jinginar da gona.

A Jihar Sakkwato, gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a ƙarshen 2015. Irin wannan mataki ana auna shi ne a cikin aji: malami ya zo? Yarinya 'yar aji huɗu tana iya karanta wasiƙa?

4. Tallafi: Wa Ke Cin Moriyarsa?

> AKWATIN KALMOMI
> Tallafi: kuɗin da gwamnati ke biya don a sayar da abu ƙasa da ainihin farashinsa.
> Tallafin bai-ɗaya: wanda kowa ke samu gwargwadon abin da ya saya.
> Tallafin zaɓe: wanda aka keɓe wa wasu mutane, kamar ƙananan manoma ko gidaje mafi rauni.

Misali na 2. A ce gwamnati tana biyan naira 200 a kan kowace litar fetur. Ɗan kasuwa yana da mota da janareto, yana shan lita 200 a wata. Manomi yana da tsohon babur, yana shan lita 10.

Ɗan kasuwa: 200 × 200 = naira 40,000
Manomi: 10 × 200 = naira 2,000
Tazara, idan aka haɗa da samunsu na Misali na 1: 540,000 ÷ 52,000 = fiye da ninki 10.

A cikin naira 42,000 da gwamnati ta kashe, 40,000 ta tafi gidan da ya fi hali. Wanda ba shi da ko babur ɗan abin da ya samu shi ne rangwamen kuɗin mota. Haka abin ya kasance a ƙasa baki ɗaya. A 2022 tallafin fetur ya ci fiye da naira tiriliyan 4, alhali Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kashi 40 na 'yan ƙasa mafi talauci kusan kashi 3 kawai na fetur ɗin suke saye.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta haura naira 1,000. Talaka ya ji a jikinsa. Kuɗin mota ya ninka, mai noman rani da ke ban ruwa da inji ya rage fili, kayan abinci suka tashi. To ta yaya tallafin da masu hali suka fi cin moriyarsa cire shi ya fi yi wa talaka ciwo? Amsar ita ce mai hali yana da rara da zai jure, talaka kuwa abin yau shi ne na yau. Bayan cire tallafin, kason da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa duk wata ya ƙaru sosai. Idan wannan ƙari ya koma makaranta, asibiti da hanyar ƙauye, tazara za ta ragu. Idan ya tafi ga motocin manya da gine-ginen ƙawa, talaka ya yi asara sau biyu.

Tallafin taki yana da nasa darasin. Shekaru da yawa takin gwamnati yakan bi ta hannun masu uwa a gindin murhu, ya ɓulla a kasuwa da tsada, ko ya iso bayan gero ya yi bununi. A 2012 aka gwada aika wa manoma saƙo ta waya, kowa ya je ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi. Tsarin ya rage hannayen da ke tsakani, duk da cewa manomin da ba a rubuta sunansa ba ko wanda garinsu babu sabis ya tashi a tutar babu. Tallafi yana rage tazara ne idan ya iso hannun ƙaramin manomi, kuma ya iso kafin shuka.

5. Hanyar Ƙauye

Misali na 3. Wani manomi a cikin ƙasar Kebbe ya noma buhun shinkafa 20. Hanyar garinsu ta lalace, mota ba ta shiga da damina, dole a fito da kaya a babur ko amalanke zuwa bakin titi. Kowane buhu yana cin naira 4,000 kafin ya isa kasuwa. Da an gyara hanyar an sa kwalbati, naira 1,500 ta isa.

Bambanci: 4,000 − 1,500 = 2,500
Ribar gyaran hanya: 2,500 × 20 = naira 50,000 a kaka ɗaya.

Akwai ƙarin riba da lissafin bai nuna ba. Inda mota ke shiga, masu saye da yawa ke zuwa, manomi ya samu bakin yin ciniki. Inda ba ta shiga, dillali ɗaya ne, abin da ya taya shi ne farashi. Hanyar da ke fitar da shinkafa ita ce ke kai mai naƙuda asibiti, ita ce kuma ke sa malami ya yarda ya zauna a garin. Tsaro ma haka yake. Manomin da tsoron 'yan bindiga ya hana shi zuwa gona ya rasa samun shekara guda, mai hali kuwa yana iya kwashe iyalinsa ya koma birni.

6. Kuɗi a Hannu

Wata hanyar ita ce a miƙa wa gidaje mafi rauni kuɗi kai tsaye. A 2016 gwamnatin Muhammadu Buhari ta fara shirye-shiryen tallafa wa jama'a, ciki har da ciyar da 'yan firamare da biyan gidaje marasa ƙarfi naira 5,000 a wata. An sa dala miliyan 322 da ƙasar Suwizalan ta dawo da su daga kuɗin tsohon shugaban mulkin soja Abacha a wannan biya.

Ƙasar Birazil ta yi nisa a wannan fanni. A 2003 ta fara shirin Bolsa Família, inda ake biyan kuɗin galibi ga uwa, da sharaɗin yara su je makaranta kuma a yi musu rigakafi. Shirin ya kai ga gidaje wajen miliyan 14, kuma tare da ƙarin mafi ƙarancin albashi ya taimaka tazara ta ragu a ƙasar cikin shekaru goma da suka biyo baya. Abubuwa uku ne suka riƙe shi: rajista ta gaskiya, biya a kan lokaci, da haɗa kuɗin da karatun yara. Inda aka cika rajista da 'yan uwa da 'yan jam'iyya, kuɗin ya fita daga baitulmali amma tazara tana nan inda take.

7. Bashi da Tsadar Kaya

> AKWATIN KALMOMI
> Giɓin kasafi: idan abin da gwamnati za ta kashe ya fi abin da za ta samu.
> Hauhawar farashi: tashin kuɗin kaya a kai a kai, har naira ta rage daraja.

Idan aka samu giɓi, gwamnati kan ci bashi. Bashin da aka yi aiki mai amfani da shi yana biyan kansa. Wanda aka cinye kuwa, kuɗin ruwansa yana danne kason makaranta da asibiti na shekaru masu zuwa. Haka kuma idan gwamnati ta yawaita karɓar kuɗi daga Babban Banki ba tare da kaya sun ƙaru a kasuwa ba, farashi na tashi. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30, ta abinci kuma ta kai wajen kashi 40. Fiye da rabin abin da gidajen Nijeriya ke kashewa a kan abinci yake tafiya, na talaka ma ya fi haka. Mai fili da shanu da kaya a sito dukiyarsa tana tashi tare da farashi, mai sayen mudu kullum kuwa tuwonsa ne ke raguwa. A Yulin 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000. Wannan ya taimaki ma'aikata, amma yawancin mutanen Dogon Daji manoma ne da makiyaya da masu sana'ar hannu, ba su cikin takardar albashi.

8. Ina Za Ka Kai Tambayarka?

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura kason ƙananan hukumomi kai tsaye zuwa asusunsu. Aiwatar da hukuncin ya gamu da jinkiri, amma ya tabbatar da cewa kuɗin Tambuwal na mutanen Tambuwal ne, na Kebbe na mutanen Kebbe. Ga ƙofofin da ke kusa da kai:

- kansilan mazaɓarku da shugaban ƙaramar hukuma;
- ɗan majalisar jiha, domin sai majalisa ta amince kasafin gwamna ke zama doka;
- kwamitin kula da makarantar garinku da kwamitin lafiya na mazaɓa;
- Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba ɗan ƙasa damar neman bayani a rubuce daga hukuma, a amsa masa cikin kwana 7.

Ku tafi a ƙungiya, maza da mata, ku yi magana cikin ladabi, ku riƙe takarda. Tambayoyi uku sun isa: nawa aka ware, ina aikin yake, su wa ke amfana?

Taƙaitawa

Kowace naira da gwamnati ta kashe tana da gidan da take sauka. Firamare mai inganci, ƙaramin asibiti mai magani, hanyar ƙauye, tsaro da tallafin da ya isa hannun mai bukata suna rage tazara. Tallafin bai-ɗaya a kan abin da masu hali suka fi saye, bashin da aka cinye da tsadar kaya suna ƙara ta. Yawan abin da aka rubuta a kasafi bai isa shaida ba sai an ga aikin a ƙasa.

Tambayoyin Bita

1. Mene ne bambancin talauci da tazarar samu?
2. Kashi nawa ƙananan hukumomi ke samu daga asusun tarayya?
3. Kawo hanyoyi biyu da wanda ba ya karɓar albashi ke biyan haraji.
4. Gida ɗaya yana samun naira 40,000, wani yana samun 400,000. Gwamnati ta ɗauke wa kowanensu naira 10,000 ta kuɗin magani. Ninki nawa ce tazarar kafin haka, kuma nawa ta koma?
5. Me ya sa masu hali suka fi amfana da tallafin fetur, kuma me ya sa cire shi ya fi damun talaka?
6. Manomi yana da buhu 30. Gyaran hanya ya rage masa naira 2,000 a kan kowane buhu. Nawa ya tsira da shi?
7. Faɗi abubuwa uku da suka sa shirin Birazil ya yi tasiri.
8. Ta yaya hauhawar farashi ke ƙara tazara tsakanin mai kaya a sito da mai sayen mudu?

Aikin Rukuni

Ku kasu biyar-biyar. Kowane rukuni ya zaɓi aikin gwamnati ɗaya a garinku: makaranta, asibiti, rijiya, hanya ko rabon taki. Ku je ku gani da idonku, ku tambayi mutum biyar da ke amfani da shi, ku rubuta ko aikin yana gudana da kuma su wa suka fi cin moriyarsa. Ku kawo rahotonku aji a mako mai zuwa.